ƁARGO: MASANA'ANTAR DA KE ƁOYE CIKIN ƘASHI

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri, sai ya ratsa garuruwa uku na ƙasar Gwandu a jere, watau Aliero, da Jega, da Maiyama. An san Jega da kasuwa tun zamanin kakanni, an san Maiyama da noma, Aliero kuwa ta yi suna da abubuwa biyu, albasa da ɗori. Daga jihohi masu nisa, har ma daga ƙetaren iyaka, akan ɗauko wanda ya karye a kawo shi wurin maɗoran Aliero. A cikin waɗannan garuruwa kuma, kamar sauran garuruwan Nijeriya, akwai gidajen da ba a barci idan hunturu ya kama, saboda kukan yaro mai ciwon amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila.

A ido, karaya da sikila ba abin da ya haɗa su. Amma masana kimiyya sun gano cewa asalin maganarsu wuri ɗaya ya koma, watau ɓargon da ke cikin ƙashi. A can ne ake ƙera jini, daga can ne kuma ake samun wani kaso na ma'aikatan da ke ɗinke ƙashi idan ya karye. Abin tambaya shi ne, wa ke gaya wa kowace ƙwaya da ke cikin ɓargo aikin da za ta kama? An shafe shekaru fiye da 100 ana neman amsar wannan tambaya, kuma abin da aka samo ya shafi kowane magidanci.

AIKI BA DARE BA RANA

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Waɗanda ke cikin jini ba su da tsawon kwana. Jajayen ƙwayoyi, masu ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi, sukan yi kwana 120 su mutu. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an yanke sukan yi kamar kwana goma. Waɗansu daga cikin fararen ƙwayoyi, watau sojojin da ke yaƙi da cuta, ba su fin kwana ɗaya ko biyu a cikin jini. Saboda haka tilas a riƙa maye gurbinsu kullum. Masana sun ƙiyasta cewa ɓargon baligi yana fitar da jajayen ƙwayoyi fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, watau kimanin miliyan dubu 200 ke nan a yini guda.

Dukan wannan runduna daga waɗansu 'yan ƙwayoyi ƙalilan take fitowa, waɗanda za mu kira uwayen ƙwayoyi. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2018 ya ƙiyasta cewa uwayen da ke aikin ƙera jini a jikin baligi ba su wuce tsakanin dubu 50 zuwa dubu 200 ba. Uwar ƙwaya tana da baiwa biyu. Tana iya rabuwa ta haifi irinta, domin kada iri ya ƙare, tana kuma iya haifar ɗiyar da za ta bi hanya mataki-mataki har ta zama jar ƙwaya, ko fara, ko mai daskarar da jini.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Alexander Maximow, shi ne ya fito da wannan ra'ayi a fili a 1909, amma ba a sami hujja ba sai a 1961, lokacin da James Till da Ernest McCulloch na birnin Toronto a ƙasar Kanada suka gwada a jikin ɓeraye. Sun kashe ɓargon ɓerayen da haske mai ƙarfi irin na ɗaukar hoton ƙashi, sa'an nan suka ɗura musu ɓargon waɗansu ɓerayen. Bayan kwanaki kaɗan sai ga ƙulle-ƙulle sun fito a kan saifarsu, kowane ƙulli cike da ƙwayoyin jini iri-iri. A 1963 suka tabbatar cewa kowane ƙulli daga ƙwaya guda tak ya fito.

Ba a daɗe ba wani masanin, Alexander Friedenstein na birnin Mosko, ya nuna cewa akwai dangi na biyu a cikin ɓargo. Su waɗannan ba jini suke haifa ba. Daga gare su ake samun ƙashi, da guringuntsi, da kitse. To, ashe a cikin kogon ƙashi gidaje biyu ne ke maƙwabtaka: gidan masu jini, wanda sikila ke taɓawa, da gidan masu ƙashi, wanda maɗori ke dogara da shi.

LITTAFI ƊAYA, AIKI DABAM-DABAM

A tsakiyar kusan kowace ƙwayar halitta akwai wani dogon rubutu na sinadarin da ake kira DNA, wanda mutum ya gada rabi daga uwa rabi daga uba. An raba shi kundi 46, kuma a cikinsa akwai umurni kimanin dubu 20 na yadda za a haɗa sinadaran furotin da jiki ke aiki da su. Kowane umurni guda shi ake kira ƙwayar gado, amma don sauƙin bayani za mu kira shi babi. Abin mamaki shi ne, littafin da ke cikin ƙwayar ƙashi shi ne dai ke cikin ƙwayar hanta, shi ne ke cikin farar ƙwayar jini, ba ragi ba ƙari.

Ma'aikacin gwamnati zai fahimci wannan da wuri. Kundin dokokin aiki ɗaya ne ake rarraba wa kowane ofis, amma akawun baitulmali sashen kuɗi yake buɗewa, malamin asibiti kuwa sashen lafiya. Haka ƙwayoyin halitta suke. Abin da ya bambanta su shi ne babin da aka buɗe da wanda aka rufe. Masu buɗewa da rufewar kuwa waɗansu furotin ne na musamman, waɗanda kan hau kan DNA su zauna a bakin babi, su ba da izinin a karanta shi ko su hana. Za mu kira su masu mabuɗi. Su ma kansu daga waɗansu babobi na littafin ake haɗa su, saboda haka littafin ne ke mulkin kansa da kansa.

Alal misali, ɗiyar uwar jini takan iso wata mararraba inda masu mabuɗi biyu ke ja-in-ja, ɗaya ana kiransa GATA1, ɗayan kuma PU.1. Kowanne yana danne ɗan'uwansa, yana kuma ƙara wa kansa yawa. Idan GATA1 ya yi rinjaye, sai a buɗe babobin jar ƙwaya da na mai daskarar da jini. Idan PU.1 ne ya yi galaba, sai ƙwayar ta bi hanyar fararen sojoji. Da zarar ɗaya ya kā da ɗaya, sai a naɗe babobin da ba a bukata a ɗaure su tamau, a yi musu alama da waɗansu sinadarai, yadda 'ya'yan wannan ƙwaya ma za su tashi su iske su a rufe. Shi ya sa jar ƙwaya ba ta wayi gari ta koma fara.

An tabbatar da ƙarfin waɗannan masu mabuɗi ta hanyar gwaji. A 1999 masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka nuna cewa idan aka cire wani mai mabuɗi da ake kira PAX5, ƙwayar da ta kama hanyar zama mai ƙera garkuwar jiki sai ta tsaya cik, har ma a iya juya ta ta zama wani iri dabam. A 2004 kuma Thomas Graf da abokan aikinsa suka cusa wa irin wannan ƙwaya wani mai mabuɗi guda, sai ga ta ta rikiɗe ta zama irin farar ƙwayar da ke haɗiye ƙwayoyin cuta.

Har ila yau, ɓargo yana sauraron saƙo daga sauran jiki. Idan oksijin ya yi ƙaranci a cikin jini, ƙoda takan saki wani sinadari mai suna eritiropoyetin, wanda ke zuwa ɓargo ya hana 'ya'yan jajayen ƙwayoyi mutuwa, ya sa su yawaita. Wannan ne dalilin da ya sa mai ciwon ƙoda yakan yi fama da ƙarancin jini. Masana uku da suka gano yadda ƙwayoyin halitta ke auna oksijin sun sami lambar yabo ta Nobel a 2019.

Idan wannan tsari ya lalace, sai a sami sankarar jini: ƙwayoyi su yi ta haihuwa amma su ƙi girma su kama aiki. Akwai wani irin wannan ciwo da ke faruwa idan kundi na 15 da na 17 suka yi musayar gutsure, har aka sami gurɓataccen mai mabuɗi da ke tsare ƙofa. A shekarun 1980 likitocin birnin Shanghai na ƙasar Sin suka gwada wani magani dangin bitamin A, wanda bai kashe ƙwayoyin ba, sai dai ya sake musu hanya suka ƙarasa girma. Ciwon da a da yake kisa cikin makonni, yau mafi yawan masu shi suna warkewa idan an kama shi da wuri.

ABIN DA KE FARUWA ƘARƘASHIN ƊORI

Mu koma gidan masu ƙashi. Idan ƙashi ya karye, jini yakan taru ya daskare a wurin. Cikin 'yan kwanaki sai uwayen ƙwayoyi su yi ca, waɗansu daga ɓargo, waɗansu daga siririn tantanin da ya lulluɓe ƙashi. A nan ma akwai masu mabuɗi. Wanda ake kira SOX9 shi ke buɗe babobin guringuntsi, kuma cikin mako biyu zuwa uku sai a sami dunƙulen guringuntsi mai taushi ya riƙe bakin karayar biyu. Daga nan sai RUNX2 ya karɓi aiki, a buɗe babobin ƙashi, dunƙulen ya yi tauri. Bayan haka jiki yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, yana sassaƙe wurin har ya koma kusan yadda yake.

Muhimmancin RUNX2 ya bayyana a 1997, lokacin da masana a Japan da Ingila suka samar da ɓerayen da aka cire musu wannan babi. An haife su da siffar ƙwarangwal ta guringuntsi zalla, babu ƙashi mai tauri ko kaɗan. Shi ma RUNX2 yana da abokin hamayya, wanda ake kira PPAR-gamma, mai jan ƙwaya zuwa kitse. Yayin da mutum ke tsufa, sai rinjaye ya riƙa komawa wajen kitse. Jariri kusan duk ɓargonsa ja ne, mai ƙera jini, amma baligi ɓargon dogayen ƙasusuwansa ya koma rawaya mai kitse, jan ya saura a ƙugu, da gadon baya, da haƙarƙari, da ƙashin ƙirji. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa karayar yaro ke saurin kamawa, ta tsoho kuwa take jan lokaci, abin da kowane maɗori ya sani tun kafin a ƙera madubin likita.

Wani abin lura kuma, waɗannan ƙwayoyi suna jin motsi. Idan aka daidaita ƙashi aka tsare shi, masu mabuɗin ƙashi su ke yin nasara. Idan kuwa bakin karayar ya yi ta motsi fiye da kima, sai ƙwayoyin su yi tsoka mai zare-zare maimakon ƙashi, karayar ta ƙi kamawa. Watau karan da maɗori ke ɗaurawa, da filastar da ake nannaɗawa a asibiti, duk saƙo ɗaya suke aika wa ƙwayoyin.

Sai dai ƙwayoyin nan ba su rayuwa sai da jini. Ɗaurin da ya matse har ya tsare jijiya yana iya kashe gaɓa cikin sa'o'i, kuma likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa a kan hannuwa da ƙafafun da ake yankewa saboda haka. Idan yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka sāke launi, ko suka daina ji, to a kwance a garzaya asibiti. Haka kuma karayar da ƙashi ya huda fata, da karayar ƙugu, da ta gadon baya, aikin asibiti ne tun daga farko. Sana'ar da aka gada kaka da kakanni ba za ta rasa daraja ba don mai ita ya san iyakarta.

HARAFI GUDA TAK

Yanzu sai gidan masu jini. Abin da ke cikin jar ƙwaya mai ɗaukar oksijin shi ake kira himogulobin. Babin da ke ɗauke da umurnin wani sashe nasa yana cikin kundi na 11, kuma ciwon sikila ya samo asali ne daga sauyin harafi guda tak a cikin wannan babi. Likita James Herrick na Shikago ne ya fara bayyana ciwon a rubuce a 1910, Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin ne ke da aibi, sa'an nan Vernon Ingram na Jami'ar Kambirij ya gano ainihin wurin a 1956 da 1957. Idan irin wannan himogulobin ya sauke oksijin, sai ya harhaɗe ya yi sanduna, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi mai tsanani ke fitowa, da kumburin hannu da ƙafa a jarirai, da lalacewar kan ƙashin ƙugu, har da shanyewar ɓarin jiki ga yara ƙanana. Ga shi kuma ƙwayar ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, saboda haka ɓargo na ta aiki ba hutawa amma jini bai isa ba.

Wanda ya gaji wannan harafi daga ɓangare ɗaya, watau mai AS, lafiyarsa ƙalau, har ma yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas a 1954. Wannan ne ya sa abin ya yawaita a ƙasashenmu. Rahoton da aka gabatar wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin dubu 150 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya sami cewa yaro ɗaya cikin biyar mai AS ne, kusan ɗaya cikin ɗari kuma mai SS.

To, ina ruwan masu mabuɗi da wannan? A 1948 wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura cewa jarirai sabbin haihuwa ba su nuna alamar ciwon sai sun yi watanni. Dalili shi ne, ɗan tayi yana amfani da wani himogulobin dabam, wanda umurninsa ke cikin wani babi na kusa, kuma shi wannan ba ya yin lauje. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe babin tayi a hankali, ya buɗe na manya, kuma wajen wata shida sai ciwon ya fara nuna kansa. An kuma lura cewa masu sikila a gabashin Saudiyya da waɗansu sassan Indiya, waɗanda babin tayinsu bai rufe duka ba, ciwonsu yana zuwa da sauƙi. Ashe maganin yana nan cikin littafin kowane majinyaci, rufe shi kawai aka yi.

Shekaru sittin aka yi ana neman mai rufe wannan ƙofa. A 2007 da 2008, masu bincike a Landan da tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya suka nuna yatsa ga wani babi a kundi na 2 mai suna BCL11A, sa'an nan Stuart Orkin da ɗalibinsa Vijay Sankaran na birnin Boston suka tabbatar cewa shi ne mai mabuɗin da ke kulle babin tayi. Matsalar ita ce jiki yana bukatar BCL11A a wurare dabam, kamar ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki, saboda haka ba a iya kawar da shi ɗungum. A 2013 sai aka gano wani ɗan yanki na DNA wanda ke kunna BCL11A a cikin 'ya'yan jajayen ƙwayoyi kaɗai. Mai zama a wannan yanki kuwa ba wani ba ne illa GATA1 da muka ambata a baya.

DASHEN ƁARGO DA GYARAN BABI

Kafin jar ƙwaya ta fita daga ɓargo, takan tofar da littafinta duka domin ta sami wurin ɗaukar kaya. Saboda haka ba a iya gyara ta. Ƙarin jini yana taimako, amma na ɗan lokaci ne. Wanda ke son warkarwa ta har abada dole ya koma ga uwa.

Hanya ta farko ita ce dashen ɓargo, wadda likita Donnall Thomas na Amurka ya fara gwadawa a 1957, har ya sami lambar Nobel a 1990. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya a birnin Memfis da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sai ga sikilar da take da ita ma ta tafi. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yin wannan aiki ga mai sikila a 2011, ƙarƙashin jagorancin Dokta Nosakhare Bazuaye. A 2024 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya yi nasa dashen na farko. Idan yaro ya sami wa ko ƙane, ya ko ƙanwa, wanda jikinsu ya dace, fiye da kashi 90 cikin 100 sukan warke. Amma kowane ɗan'uwa shaƙiƙi damarsa ta dacewa ɗaya ce cikin huɗu, ga tsada, ga haɗarin baƙon ɓargo ya far wa jikin da aka sa shi.

Hanya ta biyu ta samu ne bayan Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier sun bayyana wani almakashin yanka DNA mai suna CRISPR a 2012. Sai a ɗebo uwayen ƙwayoyin majinyaci da kansa, a yanke wannan ɗan yanki da GATA1 ke zama, a mayar masa da su. BCL11A ya yi shiru a cikin jajayen ƙwayoyi, babin tayi ya sake buɗewa. Wata mata Ba'amurkiya, Victoria Gray, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa haka a 2019. Ingila ta amince da wannan magani, mai suna Casgevy, a watan Nuwamba na 2023, Amurka ta biyo baya a watan Disamba. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Kuɗin da aka sa wa maganin a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum ɗaya. Kafin a mayar da ƙwayoyin kuma, sai an kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, wanda ke iya hana haihuwa, sa'an nan majinyaci ya yi makonni a keɓe a asibiti. Manomin albasa a Aliero, ko ɗan tireda a kasuwar Jega, ko malamin makaranta a Maiyama, ba wanda zai iya tunkarar wannan a halin yanzu.

ABIN DA HANNU ZAI IYA KAIWA

Duk da haka, ilmin bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. Akwai wata ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya, wadda Amurka ta amince da ita ga masu sikila tun 1998, kuma babban aikinta shi ne ƙara yawan himogulobin na tayi, watau tana ɗan sassauta ƙofar nan da aka kulle. Gwajin da aka yi a Angola, da Kwango, da Kenya, da Uganda, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, ya nuna tana rage tashin ciwo, da bukatar ƙarin jini, da mutuwa a tsakanin yaran Afirka. A nan gida kuma, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala Muhammad na Kano, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada ta ga yara 220 waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da suka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin ya yi aiki daidai da matsakaicin awo wajen kare su. Sai dai magani ne mai taɓa ɓargo, ba a shansa sai da umurnin likita da awon jini a kai a kai.

Abin da ya fi wannan sauƙi kuma shi ne gwajin jini kafin aure. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗari ɗaya cikin huɗu na zama SS. Lissafin kuwa sabo ne a kowane ciki, ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba ne. Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na rukunin jini. Amma gwajin da aka yi ana gobe ɗaurin aure, bayan an kai lefe an raba goro, ya zo a makare. Wurinsa shi ne makarantar sakandare, tun zukata ba su ƙullu ba. Ya kamata kuma jama'a su gane cewa ciwon daga uwa da uba yake fitowa daidai wa daida, saboda haka ba hujjar ɗora wa mace laifi, balle a ce sammu ne ko aikin iskoki.

Sauran matakan sanannu ne: gwada jarirai tun suna cikin zanen goyo, kafin babin tayi ya rufe, da allurar rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da suturar ɗumi lokacin hunturu. Yaron da ke yawan kukan ƙashi ba tare da ya faɗi ba, ko hannuwansa na kumbura, ko idanunsa na yin rawaya kamar mai shawara, ɗakin gwajin jini ya kamata a fara kai shi kafin a nemi ɗori ko tsaga.

Wannan yanki ba matalaucin makarantu ba ne. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, wadda aka kafa a 2006, akwai kuma kwalejin horar da ma'aikatan lafiya a Jega. Ɗaliban waɗannan makarantu su ne za su riƙe ɗakunan gwaji na gobe, kuma babu abin da zai hana su fara da abin da ke ƙofar gida: yara nawa ne ke da ciwon a kowace gunduma, nawa ne ke samun magani, kuma yaya yawan himogulobin na tayi yake a jinin mutanen nan. Mafi yawan binciken gado da aka yi a duniya a kan Turawa aka yi shi, alhali ciwon a nan ya fi yawa.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ƙananan hukumomin Jega, da Aliero, da Maiyama, su sa gwajin rukunin jini ya zama mai araha kuma ingantacce a kowane babban asibiti, su tanadi haidiroksiyuriya ga yaran da likita ya rubuta wa, su kuma zauna da maɗora da limamai da hakimai a fahimci juna. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa wannan ciwo tun 2008, ta isa ta zama ranar da za a riƙa bayyana wa jama'a abin da aka yi da abin da ya saura. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.